Damin Maƙeri

A ƙauyenmu, kusa da Faru, manomi ba ya biyan maƙeri da kuɗi. Kowane gida yana da maƙerinsa, kamar yadda yake da wanzaminsa. Idan bazara ta yi, mai gida ya tattaro galma da hauya da sungumi da gatari, duk abin da ya dakushe ko ya karye bara, ya zube a ƙofar maƙera ya tafi abinsa. Maƙeri ya koɗa, ya ƙara baki, ya gyara ƙota. Duk tsawon damina in wani abu ya ɓalle a gona, a kawo, ba mai tambayar ko nawa ne. Sai kaka ta yi, sannan kowane gida ya ɗauko dami guda na gero ko na dawa, da rana tsaka, a ratsa tsakiyar gari da shi, a sauke a ƙofar maƙera ana cewa ga damin maƙeri. Wanda ya koɗa maka ƙarfen shukar farko shi ke da daminka, kuma ba a sauya maƙeri sai in shi da bakinsa ya tura ka wajen wani. Gida talatin da 'yan kai ubana ya bar mini. Bai bar shanu ba, gonar ma 'yar ƙarama ce, amma duk rayuwarsa ban taɓa ganin gindin rumbunmu ba.

Ni na watsar da gidajen nan, a bazara guda. Na daɗe ina ba da labarin ta yadda laifin duka zai hau kan mutum ɗaya. Yanzu da furfura ta rufe ni zan faɗa har da nawa, ko da yake har gobe nasa ya fi nawa nauyi.

Mutumin ɗan Talata Mafara ne. Tare muka yi karatun allo a zauren malami ɗaya, shekarun da ubana ya ajiye ni can wajen gwaggona. Ya fi ni baki, na fi shi hannu, kuma mun shaƙu har mutane na zaton ciki ɗaya muka fito. Ya girma ya shiga sayen hatsi. Da aikin dam na Bakolori ya zo, duk wani mai baki ya wayi gari ɗan kwangila, shi ma ya samu nasa rabo: haƙar magudanai da ƙananan hanyoyin ruwa, irin aikin da manyan injuna ba su tsayawa a kai, sai lebura da diga da shebur. Ƙasar wajen kuwa marmara ce. Sabuwar diga kwana huɗu take yi bakinta ya koma kamar gwiwar hannu. A nan ya tuna yana da aboki maƙeri.

Rani biyu na yi masa aiki ba tare da wata matsala ba. A-kori-kurarsa takan zo Laraba da Asabar ta zube digogi, in gasa, in fiƙe baki, in tsoma a ruwa, direba ya biya ni a kan kowace diga ya kwashe. Da bazara ta yi sai in rage nasa in koma kan ƙarafan manomana. Ba yabon kai ba, digar da ta fito daga hannuna takan ninka sabuwa kwana a marmara, kuma labari ya bazu. Wasu 'yan kwangilar suka fara aiko mini da nasu. Wannan ne bai yi wa abokina daɗi ba.

Bayan kaka ta uku, ya aiko in same shi a Mafara, a zauren tsohon malaminmu. Na tarar an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga goro a faifai. Muka gaisa da malam gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu bai ji ba. Sannan abokina ya gyara zama ya ce ya samu babban aiki da zai miƙa har wajen Bakura, lebura sun ninka, kuma ba ya son digarsa ta riƙa jiran layi bayan ta wani.

"Ɗan'uwa," ya ce, "abin da ni ka so, wutakka ta zan tawa ni ɗai. Kak ka hura ta don kowa har ran da nis sallame ka."

Ya ƙara kuɗin kowace diga, ƙarin da ya sa na ji kunnena ya yi zafi. Malam ya tambaye ni ko na yarda, na ce na yarda. Aka ɗaga hannu aka yi Fatiha, aka shafa, aka raba goro. Malam ya shiga gida. Sai da muna sa takalma a ƙofar zaure na tuna na tambayi abokina batun manomana, ya ce in kwantar da hankalina, kafin ruwa ya sauka an gama wannan yanki, zai sallame ni in koma wa mutanena. Na riƙe wannan magana kamar tana cikin Fatihar. Ba ta ciki. A kan takalmi aka yi ta, mu biyu, ba na uku.

Ranar ce kuma akawunsa ya kira ni gefe ya ce tun da yanzu aikinsu kaɗai zan yi, ya kamata ya rubuta ni a littafin ma'aikata ya ba ni lamba. Lambar wani ɗan kwano ne mai rubutu da lebura ke ratayawa a wuya. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce masa jikan maƙera ba ya rataya kwano, ni mai kaina ne, aiki ake kawo mini har ƙofa, ba a buga mini ƙararrawa. Ƙanena, wanda ke yi mini zuga tun muna samari kuma yana da matarsa da 'ya'yansa biyu, shi ya karɓi lambar ya bi su Bakura haƙa. Na yi masa tsiya son raina. Duk sanda ya zo gida sai in tambaye shi ko an ƙirga su da safe an samu sun cika. Zugar kuwa wani ɗan'uwanmu da ciwon ƙafa ya hana shi lebura ya karɓa.

Watannin sanyin nan na ga aiki. Daga asuba har la'asar masaba ba ta hutawa. Kuɗi suka shigo yadda ban saba gani ba, ni kuma na yi abin da wanda bai saba ba yake yi. Na cire jinkar ɗakin matata na sa kwano. Na sayi keke da rediyo. Sauran na zuba a gawayin ƙirya, na cika ɗaki guda har rufi, don an ce mini diga ba ta da ranar ƙarewa. Idan na wuce majalisa a kan keke har ɗan tari nake yi don a ɗago a gan ni.

Da zafi ya fara, mota ta koma zuwa sau ɗaya a mako. Sannan ta zo da diga goma sha wani abu maimakon tari. Sannan wata Laraba ta wuce ba ta zo ba, Asabar ta bi ta. Na aika a tambaya, aka dawo mini da cewa in dakata, diga na nan tafe, kada in bar wuta ta mutu don mota na iya zuwa kowane lokaci kuma direba ba ya jira. Saboda haka kullum da safe sai in hura wuta, mai zuga ya zauna, ni in zauna, mu sa wa hanya ido. Duk ƙarar da muka ji daga nesa sai in miƙe in ɗauki awartaki. Yawanci babur ne na malamin gona.

Ana cikin haka hadari ya fara haɗowa a gabas da yamma-yamma, mutane suka gama sharar gona, ƙarafa suka fara fitowa daga bayan rumbuna. Na farko da suka zo na ce su ɗan ba ni kwana biyu. Ran Talata na hau keke na nufi Mafara.

Na sami abokina a sabon gidansa, ya tarbe ni da hannu biyu. Ya sa aka kawo mini lemon kwalba mai sanyi, ya tambayi matata da yara, ya tuno yadda malam ya taɓa zane mu tare saboda mangwaro. Da na samu ya numfasa, na ce masa manomana sun fara zuwa, ya sallame ni ko na mako biyu ne in koɗa musu in dawo. Ya kama hannuna ya ce in rufa masa asiri, digogi sun taru a Bakura sun kai tsayin mutum, mota ce ta lalace, mako mai zuwa za a kawo su gaba ɗaya, in na sa ƙarfen wani a wuta ranar da suka iso ya zai yi? Sannan ya rage murya ya ce ai na san abin da muka ɗaga hannu a kai a gaban malam. Ya rako ni har bakin hanya, ya cusa mini goro a aljihu. Na dawo ina jin kunyar na ma tambaya.

Mai karatu zai ce, to me ya hana ka koɗa hauya a wutar da ke ci a banza, wa zai gani? Matata ma haka ta ce, kuma ba sau ɗaya ba. Amma mu yadda aka raine mu, abin da aka shafa Fatiha a kansa ba a yi masa kwana. An ce kada in hura don kowa, kowa kuwa kowa ne. Akwai kuma girman kai, ba zan ɓoye ba. Ina ganin ni yanzu maƙerin kwangila ne, in diga ta dawo, damin gero me zai yi mini?

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne aminin ubana, dattijon da ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Baba nake ce masa. Ya zo da hantsi, ya ɗauko ƙarafansa da kansa a kafaɗa, ya zube a inda ya saba zubewa shekara arba'in. Muka gaisa, na durƙusa, ya sa mini albarka.

"Ɗana, ga ƙarahuna nan. Ruwa ya kusa."

Na ce, "Baba, a yi mani haƙuri, wutag ga tana da mai ita."

Ya dubi wutar, ya dube ni. "Ga ta tana ci, ba komi bisanta."

"An yi Hwatiha, Baba."

"An yi Hwatiha a hana mutane shuka?"

Da na yi shiru a nan, da ya bar ƙarafan ya tafi, da wataƙila komai ya gyaru. Amma tambayar ta sosa ni, kuma ga mutane biyu a bayansa da nasu ƙarafan suna saurare. Sai na ji bakina ya ce, ai ba ni kaɗai ne maƙeri a ƙasar Maradun ba, akwai wani a Kaya. Baba ya sunkuya ya tattara ƙarafansa ɗaya bayan ɗaya, na miƙa hannu in taya shi ya ce in bari. Waɗancan biyun suka juya suka bi shi. Kafin azahar duk gari ya ji cewa maƙeri da bakinsa ya tura mutane wajen wani, kuma washegari jakuna suka kama hanyar Kaya.

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana tara. Mota ba ta zo ba.

Mako uku da shuka ƙanena ya dawo gida da tabarmarsa da buhunsa. An rage lebura saboda damina. Ya ce tun wata guda kafin nan aka tara masu lamba aka sanar da su, ranar tafiya kuma aka ba kowa kuɗin sallama, aka ce wanda ke so ya dawo da rani. Ya ga wuta tana ci a maƙera, ya tambayi abin da nake gasawa, na ce diga nake jira. Ya tsaya yana kallona. Sannan ya ja ni bayan maƙera inda mai zuga ba zai ji ba.

A motar da ta kwaso su daga wajen haƙa ne direba ya ba shi labari. Tun ƙarshen sanyi abokina ya sayi injin walda da na wasa ƙarfe ya kafa a sansaninsu na Bakura, ya ɗauko mai sarrafa su daga Gusau. Duk digogin can ake gyara su. Mota ba ta taɓa lalacewa ba. Direban da kansa ya tambayi abokin nawa ko a je a gaya wa maƙeri ya kama gabansa, shi kuwa ya ce a'a, inji ba shi da tabbas, a bar maƙerin nan a ajiye ko da wata rana.

A ajiye. Na maimaita kalmar nan a raina ya fi sau ɗari. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko ranar da ubana ya rasu, don mutuwa ba ta ba ni lemo ta rako ni bakin hanya ba. Na ɗebo ruwa a tulu na kashe wutar da hannuna.

Talatar da ta biyo na koma Mafara, amma ban fara da gidan abokina ba. Na fara da wani mai rubuta wa mutane takardun ƙara a gindin bishiya kusa da kotu, don ina so in san abin da nake da shi a kansa. Mutumin ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya fara tambaya. Ina da lamba? Babu. Sunana yana littafinsu? Babu. Akwai takarda da ta ce zai kawo mini diga kaza kowane mako, ko zai sanar da ni kafin ya daina? Babu. Akwai digar da na gyara bai biya ni ba? Nan ma babu, gaskiya ko ɗaya bai riƙe mini ba. Sai ya rufe alƙalaminsa ya ce da ni ma'aikacinsa ne da akwai magana, amma wanda ake kawo wa aiki a biya shi, ranar da aka daina kawowa shi ke nan, sai dai in an ƙulla wani sharaɗi tun farko kuma akwai shaida. Ya ce in akwai abin kamawa, to a wajen wanda ya yi Fatihar yake. Bai karɓi ko sisina ba.

Na wuce zauren malam, na tarar ya tsufa sosai a 'yan watannin nan. Na zayyana masa komai. Ya ce ya tuna abin da na ɗauka a kaina sarai, amma ya duba bai tuna abin da ɗayan ya ɗauka a kansa ba, ban da kuɗin kowace diga. Na ce ya yi alkawarin sallamata kafin ruwa. Ya tambaya ko a gabansa aka faɗi haka, na ce a ƙofar zaure ne. Ya girgiza kai. Ya ce laifinsa ne da bai tambaya ba, ya ga 'ya'yansa biyu ne a gabansa sai ya ɗauka ba sai an bi diddigi ba. Ya ce kuma da na zo masa tun bazara, da ya gaya mini alkawarin da aka ƙulla don aiki ba ya ɗaure mutum in aikin ya tsaya, balle a hana gari shuka. Tafiyar rabin yini ce a keke. Na zo Mafara a lokacin, na sha lemo, ban taka zaurensa ba.

Daga nan na wuce gidan abokin nawa. Na same shi a ƙofar gida da mutane, ya taso da fara'a zai kama hannuna, na mayar da hannun baya. Na ce na ji labarin inji. Fuskarsa ba ta ko motsa ba.

"To, ɗan'uwa, na kore ka? Ban kore ka ba."

"Ba ka kore ni ba. To sallame ni."

Ya yi 'yar dariya ya dubi mutanensa. "Wace sallama kuma? Lebura aka sallama. Kai da bakinka kac ce ma akawuna kai mai kanka na."

Na so in faɗi abubuwa da yawa. Na so in tuna masa gwaggona da ke zuba mana tuwo a akushi ɗaya. Na hau kekena, har na yi nisa ina jin yana kira wai in tsaya in karɓi goro. Daga ranar ban ƙara taka ƙofarsa ba. Na san a shekarun nan akwai waɗanda ruwan dam ya cinye gonakinsu da kaburburan iyayensu, nawa bai kai nasu ba. Amma su baƙo ne ya yi musu.

Na sake hura wuta, na aika gida-gida cewa maƙera a buɗe take. Mutane suka amsa da mutunci, suka ce Allah ya ba da sa'a, ba wanda ya zo. Ba gaba suke yi da ni ba. Wancan na Kaya shi ya koɗa musu ƙarfen shuka, shi ke da su, ba su da hujjar barinsa tun da bai tura su ko'ina ba. Na yi noman 'yar gonata a makare. Rediyo ya tafi, keke ya bi shi, gawayin ma na riƙa sayar wa masu shayi a kasuwar Maradun. Kwanon ɗaki ne kawai ya tsaya, yana ta ƙara in ana ruwa.

Da kaka ta yi, na zauna a ƙofar maƙera ina ganin dammuna suna ratsa gari a kan jakuna, suna wuce ni suna yin hanyar Kaya. Wasu sukan gaishe ni, wasu su sunkuyar da kai. Abin da na samu a gonata ba zai kai mu tsakiyar rani ba, ni da matata duk mun sani, ba mu dai faɗa wa juna ba.

Wata safiya ina zaure na ji motsi ta bayan danga. Baba ne, da dami a ka, ya zagayo ta lungu bai bi tsakiyar gari ba. Na miƙe da sauri zan nufi ƙofar maƙera inda ake saukewa. Shi kuwa ya wuce ta, ya shigo zaure, ya sauke a bayan ƙofa. Muka gaisa. Na fara godiya ina cewa ban yi masa aikin komai ba bana, ya ɗaga hannu.

"Ɗana, wanga ba na maƙeri ba na. Na maƙeri na kai Kaya jiya. Wanga na Allah na, ɗaya cikin goma."

Zakka ya kawo mini. Ya fitar da ita, ya duba garin duka, ya ga gidan amininsa ne ya fi cancanta.

Na buɗe baki zan ce ya kai wa mabukata. Sai na ji matata ta tsaya da daka a cikin gida, tana saurare. Na durƙusa na ce Allah ya karɓa, kamar yadda na sha jin masu karɓa suna faɗa. Ya fita ta inda ya shigo. Ni kuma na ɗauki damin na kai rumbu, na jefa shi, na ji ya bugi ƙasa.